Ɗakin Masu Kula a Ain Khaled

Madinat Khalifa

Kafin in cika wata biyu a Doha na riga na koyi juya kowace takarda in duba bayanta. Ba haka nake ba a gida. A Tudun Wadan Zariya, inda na taso kuma na yi shekaru ina aikin jinya, idan mutum ya ce min ga yadda abu yake, sai in ce to. Doha ce ta sauya ni, kuma Bahaushe ɗan uwana ne ya fara.

Maigidana, Abban Hanifa, ya riga mu zuwa da shekara guda. Injiniya ne a wani kamfanin gas can arewacin ƙasar, yana yin sati biyu a sansanin aiki, ya zo gida ya yi kwana huɗu. Da ya samu izinin ɗauko mu, ni da 'yarmu Hanifa mai shekara takwas, sai ya ba wani dillali aikin nemo mana gida, tunda shi bai samu fitowa ya gani da idonsa ba. Mutumin ɗan garinmu ne, har layin gidan mahaifiyata ya sani. Ya turo hotunan ɗaki biyu da falo da kicin. Da muka iso Madinat Khalifa sai muka tarar babban gida ne aka yayyanka da katako, iyalai da yawa a ciki. Rabonmu ɗaki ɗaya ne da aka raba biyu, kicin kuma na kowa da kowa. Hotunan na gidan wani ne. Abban Hanifa ya kira dillalin, ya ce yana hanya. Har muka bar gidan bai iso ba.

Kicin na kowa da kowa ba ƙaramar magana ba ce a wurina. Hanifa tana da ciwon da alkama ke tayarwa. Tun tana shekara huɗu muke fama, ciki ya kumbura, ga amai, ga gudawa, yarinya tana ta ramewa, kafin a gano a asibitin koyarwa cewa hanjinta ne ba ya karɓar alkama ko kaɗan. Ba burodi, ba taliya, ba biskit, ba cincin. Ko cokalin da aka juya fulawa da shi idan ya shiga abincinta, sai mun gani a jikinta. A wannan kicin kuwa, kowace safiya mata uku ne ke murza fulawa, garin yana tashi yana sauka a kan komai. Sai na kwashe tukwanena na mayar ƙarƙashin gado, na sayi ƙaramin risho na lantarki ina girki a ɗaki.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Indiya mai yawan murmushi, ta lura. Wata rana ta ƙwanƙwasa ta miƙo min faranti da wasu fararen abubuwa masu kama da waina, tana nuna Hanifa tana cewa shinkafa ce zalla. Na karɓa, na yi godiya, na rufe ƙofa, na juye a leda. Sai bayan watanni na san gaskiya ta faɗa, da shinkafa da wani irin wake ake yin su. Ban taɓa gaya mata abin da na yi da su ba.

A lokacin kewar gida ta fi damuna da rana tsaka, idan na leƙa titi na ga babu kowa, sai motoci da zafi. Ba mai tallan komai, ba wanda zai ce sannu. Da na samu aiki a wani ƙaramin asibiti, aikin safe, na ji daɗi ba don albashin kaɗai ba.

Saura makarantar Hanifa. Duk inda muka je sai a ce gurbi ya cika. Aka ce mu je mu gaida Dakta Bashir, likita ne da ya daɗe a ƙasar, duk Bahaushen da ya sauka gidansa yake fara zuwa ranar Juma'a. Ya karɓe mu hannu biyu, matarsa Hajiya ta cika mu da tuwo. Da ya ji matsalarmu, ya ce akwai makaranta a Ain Khaled, can yaransa suke, kuma shi ne shugaban kwamitin iyaye. Ya ɗauki waya a gabanmu, bai yi minti uku yana magana ba aka samu gurbi.

A mota na ce, “Abban Hanifa, me ya sa gurbin da ya cika ya buɗe da waya ɗaya?”

Ya ce, “Rabi, ba kowa ne dillali ba.”

Amma ban ajiye tambayar ba.

Ain Khaled

Ranar rajista na miƙa takardar likita. Matar da ke ofis ta karanta, ta ce ba matsala, in riƙa haɗo mata abinci daga gida. Haka muka fara. Da asuba in dafa shinkafa da wake, ko dambun masara, ko faten dankali, wani lokaci waina da miyar taushe idan na samu kabewa, in zuba a ƙaramar kula, motar makaranta ta ɗauke ta. Daddawa da kuka da na taho da su daga gida ina tsakura kamar magani.

Sati uku ana haka, sai ga saƙo a waya. Makaranta tana sanar da iyaye cewa daga wannan zangon, duk yaron da ke zuwa da abincin gida za a biya masa kuɗin kulawa. Wai irin waɗannan yara suna buƙatar ɗaki daban, da mai tsaronsu, da mai share wurin. Kuɗin ya kusa rabin abin da ake biya wa yaron da ke ci a kantin makaranta.

Na karanta sau uku. Washegari na nemi izini a wurin aiki na tafi ofishin akanta. Mace ce mai ƙamshin turare, tana magana a hankali kamar mai lallashi.

Ta ce, “Madam, tsari ne.”

Na ce, “Ku kuka ce in kawo mata abinci.”

“Ki kawo, ba wanda ya hana. Sai dai ki biya.”

“Ni na sayo, ni na dafa, ni na zuba. Me zan biya?”

“Ba abincin kike biya wa ba. Wurin da za ta zauna ta ci ne.”

“Kujerar ba ta cikin kuɗin makarantar da muka biya?”

Ta yi murmushi. Ta ce za a kai takardar likitan gaban kwamitin iyaye, wataƙila a ɗauke mana. Ta turo min takardar biyan kuɗin, ta ce, “Khalas?” Wato shi ke nan.

Na ɗauka na duba. A samanta babu sunan makaranta, sunan kamfanin da ke dafa abincin kantin ne. Na tambaye ta dalili, ta ce su ne ke kula da ɗakin. Wato wanda na ƙi sayen abincinsa shi zan biya don na ƙi. Na ɗauki hoton takardar da wayata, na ce zan jira amsar kwamiti.

Abban Hanifa bai so ba. Ta waya ya ce, “Rabi, ki biya. Zamanmu a ƙasar nan a hannun kafil yake, kamfanin da ya tsaya mana. Ba na son sunana ya fito a wata rigima.”

Na ce, “Idan muka biya wannan, wani zangon na ruwan da ta taho da shi za su kawo.”

Ya ce in jira ya dawo mu yi magana. Kafin ya dawo, Dakta Bashir ya kira ni.

“Maman Hanifa, na ji an ce ba ku biya kuɗin nan ba.”

Na ce, “Dakta, wa ya faɗa maka?”

Ya yi 'yar dariya. “Ki biya a wuce wurin. Mu baƙi ne a nan.”

Na ce ina jiran kwamiti ya duba takardar likita. Ya ce za a duba, in sha Allah. Da na ajiye wayar na zauna ina tunanin yadda sunana ya tashi daga teburin akanta ya isa kunnensa, shi da ko a makarantar ba ya aiki.

A cikin kwanakin ne Hanifa ta fara ba ni labarin wata mata. Ta ce an ware su a wani ɗaki kusa da kantin, ita ta sa masa suna ɗakin masu kula.

“Mama, matar da ke zama a bakin ƙofa tana jin Hausa. Amma Hausarta wata iri ce. Ce min take ‘kai’.”

“Me take yi a bakin ƙofar?”

“Tana riƙe da takarda, duk wanda ya shigo sai ta sa masa alama.”

Kullum da sabon abu. Yau ta tambaye ta me ke cikin kular. Gobe ta tambaye ta abin da ba ta ci. Jibi sunan mamanta, da asibitin da take aiki, da unguwar da muke. Wata rana Hanifa ta ce matar ta buɗe kular da kanta, ta sunkuya ta shaƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Na haɗa lissafina tsaf. Kamfani yana son sanin iyayen da suka ƙi biya, inda suke aiki, da ƙarfin aljihunsu. Abin da ba su samu a bakina ba, sun nemo mai jin Hausa ta zaro shi daga bakin yarinya. Kuma hannun da ya yini cikin fulawar kantin shi ke buɗe kular 'yata. Tun bayan dillali, Hausa a bakin wanda ban sani ba ta daina kwantar min da hankali.

Na je ɗaukar Hanifa da kaina ranar Alhamis don in ga matar. Tana tsaye can gefen kantin cikin koren yunifom na kamfanin, da hular raga a kan ɗankwalinta. Za ta kai shekara hamsin. Tana hango ni ta ɗaga hannu.

“Sannu da zuwa, Maman Hanifa.”

Ban taɓa ganinta ba, amma ta san ni. Na gyaɗa kai kawai, na ja hannun 'yata muka fita. A ranar na rubuta wa shugabar makaranta imel, na ce wata ma'aikaciyar kantin tana yi wa 'yata tambayoyin da ba su shafe ta ba, tana kuma taɓa mata abinci, ina so a binciki lamarin. Na gaya wa Hanifa ko gaisuwa ta yi mata kada ta amsa.

Ranar Talata ina tsaka da ɗaure wa wani ciwo aka kira ni daga makaranta, aka ce in zo yanzu. Na bar aikin a hannun abokiyar aikina na tari tasi. Tsakanin asibitinmu da Ain Khaled ba nisa sosai, amma ranar kowace fitilar hanya sai da ta tsayar da mu.

Na tarar da Hanifa a ɗakin nas, ta naɗe a kan gado tana riƙe da ciki, leɓenta ya bushe. Matar nan tana zaune a gefenta tana shafa mata baya, gaban rigarta a jiƙe.

Ban yi sallama ba. Na ce, “Me kika ba ta?”

Ta ɗago ta dube ni. “Ban ba shi komai ba. Yarinyanki ya ci taliya a kantin.”

Nas ɗin makarantar ce ta yi min bayani. An sa sabon ma'aikaci a ƙofar ɗakin. Ya duba takarda bai ga sunan Hanifa cikin waɗanda aka biya wa ba, sai ya karɓe kular ya ce a ba ta idan an tashi, ya miƙa mata tikitin kantin, wai yau kyauta ne. Hanifa ta ce masa ba ta cin irin abincin. Ya ce yalla, ta wuce, layi yana jira. Shinkafa ta ƙare, taliya ce ta rage. Yarinya ga yunwa, ga idon yara a kanta, ta zauna ta ci. Matar nan ce ta hango ta daga tagar wurin wanke-wanke, ta fito da gudu ta janye farantin, amma an riga an ci rabi. Ita ta kawo ta wurin nas, ita ta faɗi sunan asibitin da nake aiki da aka kira wayata ban ɗauka ba.

Na tsaya da jaka a hannu. Tambaya ɗaya ta tsaya min. Idan wanda ba a biya masa ba ba ya shiga ɗakin, yaya aka yi Hanifa take shiga duk makonnin nan?

Na bar ta wurin nas na leƙa ofishin akanta na tambaya. Ta ce, “Laifin ma'aikaciya ne, madam. Tana sa wa 'yarki alama kamar an biya. Imel ɗinki ne ya sa muka bincika muka gano. Mun gode. An ɗauke ta daga wurin.”

Da na koma ɗakin nas, matar ta riga ta koma bakin aikinta.

Hanifa ta yi kwana biyar kafin cikinta ya lafa. Na ɗauki hutu na zauna da ita, ina dama mata kunun shinkafa. Abban Hanifa ya dawo a rana ta uku. Bai ce min komai ba a kan taurin kaina, da ya faɗa ma da ya fi min sauƙi. Ya je makaranta ya biya, ya dawo ya ajiye rasit a kan firji.

Mu'aither

Nas ɗin ce ta gaya min inda matan kamfanin suke kwana, wani gida a Mu'aither. Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi. Mai gadi ya ce baƙi ba sa shiga, ya aika aka kira ta. Ta fito da atamfa da hijabi, ba yunifom, sai na ga kamar wata gwaggona. Muka zauna a kan benci gaban wani shagon shayi.

Sunanta Salamatu, 'yan gidan suna ce mata Mma Salamatu. Daga zangon Kumasi take, can ƙasar Gana. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, shi ya sa take ce wa Hanifa “kai”. Zan faɗi sauran maganarta yadda kunnenmu ya saba. 'Ya'yanta uku suna gida wurin ƙanwar mijinta, mijin ya rasu.

Na ce, “Mma, na zo neman gafara. Ni na rubuta takardar.”

Ta ce, “Na sani. An karanta min.”

“Me ya sa kike sa mata alama, alhali kin san ba mu biya ba?”

Ta juya kofin shayinta. “Ranar farko da ta buɗe kula, na ji daddawa. Shekara biyu ban ji ba. Na ce wannan ta gida ce. Sai nas ta gaya min akwai yarinyar da fulawa ke kwantarwa, na gane ita ce. Idan na mayar da ita daga ƙofa, ina za ta? Kantin. Ni nake zuba abincin kantin, na san abin da ke ciki. Har miyar ana kaɗa ta da fulawa.”

“Tambayoyin fa?”

“Idan abu ya same ta, wa zan kira? Ina tsoron ranar da ba na nan.”

Ta ce kafin ta taɓa kular sai ta wanke hannu har gwiwar hannu. Ta ce ɗakin da ake karɓar kuɗi a kansa wurin ajiye kujeru ne, su suka share shi. Tsaron yaran kuma a lokacin hutun cin abincinta take yi, ba a ƙara mata komai ba. Yanzu an mayar da ita wanke-wanke, an yanke mata albashin watan, an sa mata gargaɗi a fayil. Kwantiraginta saura 'yan watanni, kuma mai gargaɗi ba kasafai ake sabunta masa ba.

Duk da haka, ina zaune ina sauraronta wani ɓangare na zuciyata yana auna maganar, yana neman inda za ta ce in ba ta wani abu. Ba ta ce ba. Da na buɗe jaka da kaina, ta ɗora hannu a kan nawa ta rufe ta.

Na tambaye ta ko ta san Dakta Bashir. Ta ce, “Mai farin gilashin nan? Yana zuwa cin abinci da manaja. Yaransa a kantin suke ci, ban taɓa ganin an karɓi tikiti a hannunsu ba.” Sai ta dubi ƙofar gidansu. “Don Allah kada sunana ya fito.”

Juma'ar da ta biyo muka je gidan Dakta, ni da Abban Hanifa. Na bari aka gama gaisawa, Hajiya ta kawo zoɓo, sannan na tambaye shi kai tsaye ko makarantar tana ba shi wani abu a kan iyalan da yake kai mata.

Bai ji kunya ba. Ya ce, “Ana rage min kuɗin yara a kan duk iyalin da na kawo. Ba ɓoyayyen abu ba ne.”

Na ce, “Ba ka gaya mana ba, Dakta.”

“Ba ku tambaya ba. Kuma kun samu gurbi ko ba ku samu ba?”

Mun samu, wannan gaskiya ne. Na ce to kuɗin kulawar fa, kwamiti ne ya yarda da shi? Ya ce kamfanin ne ya kawo kuka, wai yara suna guje wa kantin suna zuwa da nasu, ba ya cin riba, zai janye. Aka kawo musu takarda suka sa hannu.

“Takardar likitan Hanifa fa?”

Ya cire gilashi ya goge. “Tana wurina. Ina jin tana mota. Ban samu na duba ba.”

Abban Hanifa ya ajiye kofinsa ya ce, “Dakta, kai fa likita ne.” Ya miƙe, na miƙe. Tun daga ranar ba a ƙara kiranmu suna ko walima a gidajen da Dakta ke zuwa ba. A garin da Hausawa ba su da yawa, wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Sallar da ta biyo baya, mu uku muka yi ta.

Na nemi sauran iyayen yaran ɗakin a bakin get ɗin makaranta. Yawancinsu suna jin maganar sai su tuna suna sauri. Huɗu ne suka tsaya, cikinsu har da wani Bamisire da ɗansa ke da ciwon suga. Muka rubuta koke zuwa ma'aikatar ilimi, muka haɗa da hoton takardar da babu sunan makaranta a kanta, da takardun likitoci. Ban ambaci Mma Salamatu ba. Abban Hanifa ya karanta ya sa hannu ban roƙe shi ba.

Farkon zangon gaba saƙo ya shigo cewa an dakatar da kuɗin kulawa har a sake nazari. Ba a mayar wa kowa abin da ya biya ba, ba a kuma ce kokenmu ne dalili ba. An rufe ɗakin, masu kula suka koma cin abinci tare da kowa. Lokacin mun bar gidan katako mun samu ɗaki biyu a Mu'aither, da kicin namu na kanmu.

Abu ɗaya ya rage min. Na nemi manajan kamfanin abincin a ofishinsa da ke bayan kantin, na ce na zo janye ƙorafina. Ya buɗe kwamfuta ya juyo min da ita.

“Ke kika rubuta wannan?”

“Ni ce.”

“Ƙarya ne? Ba ta yi wa 'yarki tambayoyi ba? Ba ta buɗe abincin ba?”

“Ta yi. Amma ban fahimci dalilinta ba.”

“Kuma ta sa alama a kan wanda bai biya ba. Wannan ba ke kika faɗa ba, mu muka gani.” Ya juya kwamfutarsa. “Abin da ya shiga fayil ya shiga, madam. Khalas.”

Na rubuta wata takarda ta yabo na ba shi. Ya karɓa ya sa a aljihun tebur a gabana, kuma ban yi zaton ta sake fitowa ba.

Ba a sabunta kwantiragin Mma Salamatu ba. Ranar da za ta tafi na kai Hanifa ta yi mata sallama. Motar kamfani tana tsaye a ƙofar gidan, direba yana loda akwatuna. Ta riƙe fuskar Hanifa da hannu biyu ta yi mata addu'a, ta ce ta riƙa cinye abincin mamanta. Sannan ta juyo gare ni.

Na ce, “Mma, ni na jawo miki.”

Ta ce, “Uwa ce ke. Ni ma nawa da na bari a Kumasi, kullum ina zargin mai ba su abinci, kuma ƙanwar ubansu ce. Ban riƙe ki ba.” Ta gyara hijabinta. “Abu ɗaya zan roƙe ki. Idan wata ta sake ba ki tsoro, ki je ki tambaye ta sunanta kafin ki rubuta.”

Direba ya danna hon, ta shiga, motar ta ja.

Ban tambaye ta abin da take nufi ba, don na sani. A imel ɗin da aka karanta mata babu sunanta, saboda lokacin ban san shi ba, ban kuma nema ba. Abin da na rubuta shi ne, baƙar matar nan 'yar Afirka da ke zama a bakin ƙofa. Haka na sake ganinsa a kwamfutar manaja, da sunana a ƙasa.